Me ya sa Wikipedia ke goge hotunanmu? Fashin baƙi kan haƙƙin mallakar hoto

Me ya sa za ka buɗe shafin wani fitaccen jarumin Kannywood ko wani babban malami a Wikipedia ka tarar babu hotonsa, alhali hotunansa sun cika Facebook da Instagram? Me kuma ya sa idan wani ya yi ƙoƙarin cike giɓin, ya samo hoto mai kyau ya ɗora, ba a rufa mako guda sai a goge shi, wani lokaci har da gargaɗin za a toshe masa asusu? Wannan ƙorafi ya daɗe yana yawo a tsakanin matasan da ke rubutu a Wikipedia ta Hausa. Wasu na kallonsa a matsayin wariya, suna cewa Turawa ne ke riƙe da wuƙa da nama, ba sa son namu ya fito. Wasu kuma na cewa tsaurin banza ne, tunda ilimi ake yaɗawa, ba kuɗi ake nema ba.

Akwai ƙamshin gaskiya a ƙorafin, kuma za mu zo kansa. Amma akasarin hotunan da ake gogewa abu ɗaya ne ke cin su: wanda ya ɗora hoton ya bayar da abin da ba shi da ikon bayarwa.

## Hoton na wane ne?

Mutum ya je shagon hoto ya biya kuɗinsa, aka ɗauke shi, aka wanke aka miƙa masa. A wurinmu magana ta ƙare, hoton nasa ne, ai fuskarsa ce. Doka kuwa ta raba abin gida biyu. Takardar da ke hannunsa tasa ce, ya rataye ta a ɗaki ko ya kyautar. Amma haƙƙin kwafa da bugawa da rarrabawa yana wurin wanda ya danna kyamara, sai dai in akwai yarjejeniyar da ta mayar da haƙƙin ga wani, kamar kamfanin jaridar da mai hoton ke wa aiki. Shi ya sa ko jarumin da kansa ya turo maka hotonsa ta WhatsApp ya ce ka sa, maganarsa ba ta wadatar ba, matuƙar ba shi ya ɗauki kansa ba.

Wannan haƙƙi ba sai an yi masa rajista ba. Da zarar an ɗauki hoto ya tabbata, ko da babu tambari ko sunan kowa a jikinsa. Tushen wannan ƙa'ida Yarjejeniyar Berne ce da aka ƙulla a Suwizalan a 1886, wadda Amurka ta shiga a 1989, Najeriya kuma a 1993. A cikin gida, dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta tanadi cewa mayar wa wani haƙƙin gaba ɗaya sai a rubuce. Saboda haka "na same shi a Google" ko "kowa ma yana amfani da shi" ba hujja ba ce. Google nuna maka inda hoto yake kawai yake yi.

Akwai masu kawo maganar addini, su ce ilimi ba a mallakarsa. Malamai sun tattauna wannan tuntuni. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Mai hoton da ya kwana yana cajin batir, ya sha rana da ƙurar dawaki a Hawan Daushe, da wannan hoton yake ciyar da iyalinsa.

## Alkawarin da Wikipedia ta ɗauka

Da a ce Wikipedia shafi ne kamar sauran, da izinin baki na mai hoto ya ishe ta. Amma tun kafuwarta a 2001 ta ɗauki wani alkawari mai nauyi: duk abin da ke cikinta kowa zai iya kwafa, ya gyara, ya fassara, ya buga, har ya sayar, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. A 2004 aka buɗe Wikimedia Commons a matsayin rumbu ɗaya na hotuna da sauti da bidiyo wanda dukan harsunan Wikipedia ke ɗiba daga ciki, kuma a 2023 abin da ke rumbun ya haura fayil miliyan 100. Kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da wannan alkawari.

A nan ne sababbin editoci ke tuntuɓe. Mai hoto ya ce, "Na yarda a sa a Wikipedia kawai." Commons ba za ta karɓa ba. Ya ce, "Na yarda a yi amfani da shi amma ban da kasuwanci." Shi ma ba za ta karɓa ba. Ya ce, "A sa, amma kada a yanke shi ko a canja masa komai." Nan ma a'a.

Abin da take karɓa shi ne lasisin da ke sakin hoto ga kowa, kuma mafi yawa daga lasisan Creative Commons ne, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 2001 ta fitar da lasisanta na farko a ƙarshen 2002. Akwai CC BY, wanda sharaɗinsa shi ne a ambaci sunan mai hoton. Akwai CC BY-SA, wanda ya ƙara da cewa duk wanda ya sarrafa hoton ya fitar da wani abu daga gare shi, dole shi ma ya sake shi a kan irin wannan sharaɗi. Sai CC0, inda mai hoto ya yafe komai, har ambaton suna. Lasisan da ke ɗauke da NC, wato ban da kasuwanci, ko ND, wato ban da gyara, su ne Commons ke mayarwa.

Hana sharaɗin "ban da kasuwanci" shi ya fi ɗaure wa mutane kai, amma yana da ma'ana idan ka duba su wa zai shafa. Maɗaba'ar da ke Zariya ko Kano da ke son buga littafin tarihi na 'yan firamare da hoton ganuwa a ciki, sayar da littafin za ta yi. Makarantar kuɗi kasuwanci ce. Gidan talabijin mai sa talla kasuwanci ne, haka jaridar intanet. Idan aka hana duk waɗannan, hoton ya tsaya ga mai waya da data kaɗai, yaron da littafin takarda ne kawai ke isa hannunsa bai samu ba.

Wani abu da ya wajaba a faɗa wa kowane mai hoto tun kafin ya amince: wannan lasisi ba a janye shi. Kamar rijiyar da aka yi wakafinta ce, ba ka dawowa bayan shekara ka ce ka fasa ka sa mata kwado. Haƙƙin mallakar yana nan a hannunka, za ka iya ci gaba da sayar da hotonka ga mai so, amma ba za ka hana wani amfani da kwafin da ka saki ba, ko da a kalanda ya buga shi yana sayarwa a kasuwa, muddin ya rubuta sunanka kuma ya bi sharaɗin. Duk editan da ya karɓo hoto daga hannun mai shi bai bayyana masa wannan ba, ya zalunce shi.

## Akwatin "aikina ne"

Lokacin ɗora hoto a Commons, shafin zai tambaye ka: wannan aikinka ne, ko na wani? Idan ka ce na wani ne, tambayoyi za su biyo baya, wa ya ɗauka, daga ina, da wane lasisi. Idan ka ce naka ne, nan take ka wuce. Sabon edita da ke sauri ya gama maƙala kafin datarsa ta ƙare, sai ya danna "aikina ne", a ransa yana nufin shi ya nemo hoton, shi ya yanke gefensa, shi ya ɗora. Shafin kuwa abin da yake tambaya shi ne ko kai ka riƙe kyamarar.

Gano irin wannan ba ya wuya. Kowace waya ko kyamara tana ɓoye bayanai a cikin hoto: samfurinta, rana da lokaci, wani sa'in har da wurin da aka ɗauka. Hoton da ya bi ta WhatsApp ko Facebook yakan fito an kankare masa waɗannan bayanai, an kuma matse girmansa. Mai sintiri a Commons, wanda shi ma aikin sa-kai yake yi, zai ga ƙaramin hoto mai kyan situdiyo babu bayanan kyamara, ya sa shi a manhajar binciken hoto, sai ga shi a wata jarida tun shekara uku da suka wuce. Irin wannan gogewar gaggawa ake yi masa. Idan kuma shakka ce kawai, ana liƙa masa sanarwa a ba da kwana bakwai a kawo hujja. Commons na da ƙa'idar cewa idan akwai shakka mai ƙarfi a kan 'yancin hoto, a goge shi, kuma ta ƙi karɓar uzurori irin su "mai shi ba zai taɓa sani ba" ko "ba shi da kuɗin kai ƙara".

Sai dai wannan raga tana kama marasa laifi, kuma a nan ƙorafin mutanenmu yake da gaskiya. Mai hoto na gaske ya ɗauki hotonsa a Kasuwar Kurmi, ya fara sa shi a shafinsa na Facebook, bayan wata shida ya kawo shi Commons, ta hanyar tura wa kansa a WhatsApp daga tsohuwar wayarsa. Ga mai sintirin da ke wata ƙasa, kamanninsa ɗaya da na sata. Sanarwar za ta zo da Turanci mai cike da gajerun kalmomin da sai ɗan gida ke ganewa, a shafin tattaunawar da mai hoton bai ma san yana da shi ba. Kwana bakwai su cika, hoto ya tafi, mutum ya yi fushi ya bar aikin ke nan. Mun yi asarar masu hannu da kyau ta wannan hanya.

Mafitar tana nan, ko da yake ba kowa ya san ta ba. Akwai rukunin masu sa-kai da ake kira VRT, waɗanda ke karɓar wasiƙun izini ta imel. Mai hoton da kansa, ba editan ba, zai aika musu wasiƙa yana cewa shi ne mai haƙƙin wannan hoto, ya sake shi a kan lasisi kaza, kuma ya san ba a janyewa. Idan suka gamsu sai su liƙa wa hoton lambar shaida, ko an riga an goge shi ana dawo da shi. Hanya mafi sauƙi ma ita ce mai hoto ya buɗe asusunsa ya ɗora asalin hoton kai tsaye daga kyamara, da cikakken girmansa.

## To, ina maganar amfani bisa adalci?

Mai lura zai ce: ai ga fostar fim da tambarin kamfani da bangon littafi a Wikipedia ta Turanci, kuma ba wanda ya saki waɗannan. Haka ne. Wata ƙofa ce daban, kuma ƙarama ce ƙwarai.

Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976, a sashe na 107, ta yarda a yi amfani da aikin wani ba tare da izini ba a wasu halaye, kamar sharhi, suka, rahoto, koyarwa da bincike. Wannan shi ne amfani bisa adalci. Babu wani ma'auni tsayayye, kotu ce ke duba abubuwa huɗu: manufar amfanin, irin aikin da aka ɗauka, yawan abin da aka ɗiba, da kuma illar da hakan zai yi wa kasuwar mai aikin. Dokar Najeriya ta 2022 ma tana da nata rangwamen mai kama da wannan. Amma Gidauniyar Wikimedia, wadda ke kula da Wikipedia da Commons, a Amurka take, don haka dokar can ce ke kanta kafin kowace.

Abin da ake mantawa shi ne wannan rangwame ya rataya ne a kan yadda aka yi amfani da hoton a wani wuri takamaimai. Fostar fim a cikin maƙalar da ke bayanin fim ɗin na iya shiga. Wannan fostar dai idan mai maɗaba'a ya kwafe ta ya buga a riga, ta fita. Ke nan hoton ba ya ɗauke da alkawarin "kowa ya ɗiba", shi ya sa Commons ba ta karɓarsa ko kaɗan.

A watan Maris na 2007 hukumar gudanarwar Gidauniyar ta fitar da ƙuduri cewa kowace Wikipedia na iya rubuta tata ƙa'idar karɓar irin waɗannan hotuna, amma a taƙaice ƙwarai, a ajiye su a cikinta ita kaɗai. Ta Turanci ta rubuta sharuɗɗa goma. Daga ciki: kada a samu hoto sakakke da zai maye gurbinsa, ko yiwuwar samar da shi. A rage girman hoton. A rubuta dalilin amfani da shi a kowace maƙala. Ya zama mai karatu zai yi asarar fahimta idan babu shi. Wikipedia ta Jamusanci ba ta bi hanyar amfani bisa adalci ba, ta Sifaniyanci kuma da Commons kaɗai ta dogara.

Daga nan amsar tambayarmu ta farko ta fito. Ƙudurin 2007 ya ambaci hotunan fitattun mutane masu rai a matsayin misalin abin da ba za a yi wa rangwame ba, domin muddin mutum na raye, wani zai iya zuwa taro ya ɗauke shi ya saki hoton. Shi ya sa shafin jarumi mai rai ke zama ba hoto, ko a sa wani mara kyau da wani ya ɗauka daga nesa. Ga wanda ya rasu, kamar Mamman Shata da ya rasu a 1999, Wikipedia ta Turanci na iya yarda da ƙaramin hoto ɗaya idan babu sakakke. Amma wannan hoton a can yake zaune. Wanda ya fassara maƙalar zuwa Hausa zai ga hoton bai biyo shi ba, idan kuma ya sauke shi ya kai Commons, goge shi za a yi. Kayan aro ba ya rufe katara.

## Tsofaffin hotuna da lissafin ƙasa biyu

Haƙƙin mallaka yana da wa'adi, idan ya cika aikin ya zama na kowa. A Najeriya, rubutu da waƙa da zane suna kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai su. Hoto kuwa shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi. Da wannan ne kaɗai lissafin, da hotunan Jamhuriya ta Farko da na zamanin yaƙin basasa duk sun shigo hannu.

Amma Commons na buƙatar hoto ya zama sakakke a ƙasa biyu: inda aka fara buga shi, da kuma Amurka. Wata doka da Amurka ta yi bayan yarjejeniyar cinikayya ta duniya ta ba ayyukan ƙasashen waje kariya a can, muddin suna da kariya a ƙasarsu ranar 1 ga Janairun 1996, kuma wa'adin tsofaffin ayyuka a can shekara 95 ne daga bugawa. Ɗauki hoton Malam Aminu Kano da aka fara bugawa a wata jarida a Kaduna a 1970. A Najeriya ya zama na kowa tun farkon 2021. A Amurka kuwa kariyarsa na iya kaiwa ƙarshen 2065. Editocin Commons kansu sun daɗe suna jayayya a kan yadda za a yi da irin waɗannan hotuna, kuma ni ina ganin wannan ne wurin da tsarin ya fi cutar da ƙasashe irin namu: dokarmu ta sake mana tarihinmu, dokar wata ƙasa ta riƙe.

Ƙari a kan haka, yawancin tsofaffin hotunanmu marayu ne. Hoton kaka da ke cikin akwati, in an yi sa'a akwai hatimin wani shagon hoto na Sabon Gari a bayansa, shagon ya rufe tun tuni, ba a san magada ba, babu shekara. Ba a iya tabbatar da wa'adi ya cika, ba a kuma san wa za a nema izini ba.

Wani ɓangaren kuma yana ba da mamaki. Duk aikin da ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka ya yi a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka tun daga ranar farko. Shi ya sa hotunan ziyarar Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ga Shugaba Kennedy a watan Yulin 1961, waɗanda masu hoton gwamnatin Amurka suka ɗauka, kowa ke iya amfani da su. Hotunan da ma'aikatan Muryar Amurka suka ɗauka da kansu ma haka, ban da waɗanda gidan ya saya daga kamfanonin dillancin labarai irin su AP da Reuters. Na BBC ba haka suke ba. Aikin gwamnatin Najeriya kuwa, ta tarayya ko ta jiha, yana da haƙƙin mallaka, don haka hoton gwamna da ofishinsa ya fitar ba sakakke ba ne sai ofishin ya faɗa a rubuce. Sakamakon shi ne sau da yawa hoton shugabanmu da ya fi sauƙin samu shi ne wanda baƙi suka ɗauka yana tsaye kusa da nasu shugaban.

## Gini, biri da gidan tarihi

Ko hoton da ka ɗauka da hannunka na iya samun matsala idan abin da ke cikinsa aikin wani ne. Ɗaukar allon talabijin, ko fosta a bango, ko shafin jarida, bai mayar da su naka ba. Sabon gini da mutum-mutumi ma suna da masu haƙƙi, kuma ƙasashe sun bambanta. Jamus ta yarda a ɗauki abin da ke tsaye dindindin a bainar jama'a a yi abin da aka ga dama da hoton. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ta ba da irin wannan dama ba, shi ya sa ake goge hotunan Burj Khalifa na Dubai a Commons ko da matafiyi ne ya ɗauka da wayarsa. Beljiyam sai a 2016 ta sauya dokarta. Tsofaffin gine-gine irin su Gidan Makama ko Hasumiyar Gobarau ba su da wannan damuwa.

Akwai kuma labarin wani biri a Indonesiya: a 2011 biri ya danna kyamarar wani Bature mai suna David Slater, hoton ya shiga Commons, Wikimedia ta ƙi cire shi a 2014 bisa hujjar cewa dabba ba ta mallakar haƙƙi, kuma a 2018 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce dabba ba ta da hurumin kai ƙarar haƙƙin mallaka.

Wanda ya fi shafarmu shi ne rikicin gidajen tarihi. A 2009 gidan adana zanen fitattun mutane na Landan ya yi barazanar kai wani edita kotu saboda ya kwashe hotunan tsofaffin zane sama da 3,000 daga shafinsu ya kai Commons. Matsayin Wikimedia, wanda ta jingina da hukuncin wata kotun Amurka na 1999, shi ne: idan zane ko rubutu ya riga ya zama na kowa, ɗaukar hotonsa kai tsaye ba ya haifar da sabon haƙƙi. Wannan yana da muhimmanci ga rubuce-rubucen ajami da na Larabci na malaman jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, aikinsa ya daɗe da fita daga kowane wa'adi, don haka hoton shafin rubutun wancan zamani Commons za ta karɓa. Kayan tarihi masu jiki, kamar takobi ko sirdi, hukuncinsu daban ne, domin mai hoto ya zaɓi haske da kusurwa, haƙƙin hoton nasa ne.

## Wanda ke cikin hoton fa?

Lasisi yana maganar mai kyamara ne kawai, bai ce komai a kan mutuncin wanda aka ɗauka ba. Commons na da ƙa'ida daban cewa hoton da aka ɗauka a wuri na sirri, kamar cikin gida, yana buƙatar yardar mai fuskar. A wurinmu ya kamata mu fi ƙa'idar tsauri. Hoton amarya a wurin kamu, ko na mata a cikin gida, ko na almajiri ƙarami riƙe da kwano, da zarar ya shiga rumbun zai iya fitowa a kan kowane irin rahoto a kowace ƙasa, kuma ba mai iya dawo da shi. Kafin a danna, a tambaya, a kuma gaya wa mutum inda hoton zai je.

## Su wa ke da gaskiya, kuma wa abin zai shafa?

Masu son a sassauta suna cewa aikin kundin ilimi shi ne ilmantarwa, kuma tsaurin ya fi faɗa wa al'ummomin da ba su da tsararrun rumbunan hotuna, ba su da lauyoyi, ba su da gwamnatin da ke sakin aikinta. Masu riƙe da ƙa'idar suna cewa da zarar an bar hoton aro ya zauna, ba wanda zai ƙara wahalar zuwa ya ɗauko sakakke, kuma duk wanda ya kwafa daga Wikipedia da amana zai iya faɗawa shari'a. Na fi karkata ga na biyun, saboda mai hoton da za a fi ci da zalunci idan aka sassauta shi ne namu, wanda ba shi da hanyar bin haƙƙinsa. Amma ina tare da na farkon a kan cewa yadda ake sanar da mutane da Turanci mai tsauri, ba tare da bayani da harshensu ba, yana korar waɗanda ake buƙata.

Abin ya wuce editoci. Hoton da ke saman shafin Wikipedia shi ne sau da yawa ke fitowa idan aka nemi sunan mutum ko gari a Google. Idan babu namu, na wani zai wakilce mu, ko a bar wurin fayau. Masu jaridun intanet da masu shafuka da ke ɗaukar hoto daga Commons su ma da aiki a gabansu: rubuta "Hoto: Wikipedia" ko "Hoto: Google" saɓa sharaɗi ne. Abin da ake buƙata shi ne sunan mai hoton, sunan lasisin, da mahaɗin inda aka samo. Lasisin Creative Commons zubi na 4.0 ya ba da kwana 30 a gyara bayan an gano kuskure, tsofaffin zubin ba su da wannan sassauci, kuma a Turai akwai masu hoton da ke aika takardar neman diyya a kan haka.

Gasar ɗaukar hoto ta Wiki Loves Africa, da ake yi tun 2014, ta nuna cewa wayar hannu ta isa a cike giɓi mai yawa: kasuwa, sana'a, abinci, sutura, wasanni. Abin da waya ba za ta iya ba shi ne dawo da jiya. Hotunan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, da na New Nigerian, da abin da ke Arewa House da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da na fadojin sarakuna da ma'aikatun yaɗa labarai na jihohi, sakinsu yana hannun masu riƙe da su. Inda hukuma ce ke da haƙƙin, wasiƙa ɗaya mai ɗauke da sa hannun shugabanta, tana ambaton lasisin CC BY-SA, ta isa ta warware lissafin ƙasashen biyu gaba ɗaya, domin izinin mai haƙƙi yana aiki a Najeriya da Amurka baki ɗaya. Haka ma jarumi ko mawaƙi ko malami da ke son hoto mai kyau a shafinsa: ya kira mai hotonsa, su daidaita a kan hoto ɗaya, mai hoton ya ɗora shi da sunansa.